Ranar da Aka Gyara Kwamfutar Oga Sai-Gobe

A duk ma'aikatar nan babu wanda ya kai Oga Sai-Gobe sanin darajar kansa. Shi ke ba da takardar izinin buɗe shago, kuma yana ba da ita kamar daga gadon mahaifinsa yake yankowa. Teburinsa ya fi na shugaban ma'aikatar faɗi. Tabaransa a kan ƙarshen hanci yake zama, don ya ji daɗin kallon jama'a ta sama.

Duk wannan girma wata tsohuwar kwamfuta ce ke riƙe da shi. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita ta tsufa har ta fara ruɗewa. In an kunna ta da safe, sai ta yi ta tunani har a gama gaishe-gaishe. In aka danna mata abu biyu a jere, fuskarta ta yi shuɗi, ta suma. Nan Oga zai jingina da kujera, ya dubi masu jira a kan benci cikin tausayi, ya ce, "Kun gani da idonku. Sai gobe."

Ba ƙaramin mutum ake faɗa wa "ranka ya daɗe" tun daga bakin ƙofa ba. Akwai wani tela da ya yi ta zarya har kekensa na ɗinki ya fara tsatsa a gida, amma kullum da rusunawa yake shigowa, da godiya yake fita.

A wajen taro kuwa Oga gwarzo ne. "Ranka ya daɗe," yakan ce wa shugaba, "ni mutumin zamani ne, an ɗaure ni da igiyar jiya. A sabunta mini manhajar nan, a ga aiki." Ya saba faɗin haka da ƙarfi, domin ya tabbata babu mai saurare.

Tsautsayi ya sa wata rana aka saurara.

Aka turo wata injiniya, mace marar yawan magana. Ta kwashe bayanan da ke cikin kwamfutar ta adana, ta ɗora sabuwar manhaja. Oga yana tsaye a kanta, hannu a baya, yana ba da umarni.

"Ki bi ta a hankali, tana da zuciya. Ni kaɗai na san halinta."

"To, yallaɓai," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba.

Washegari ya sa sabuwar riga, ya yi wa 'yan benci jawabi. Ya ce shi ya yi wannan gwagwarmaya shi kaɗai, kuma tarihi ba zai manta da shi ba. Sannan ya kira tela, ya shigar da sunansa da yatsa ɗaya, ya danna, ya jingina da kujera yadda ya saba.

"To, malam, ka san abin sai a hankali. Ka je ka..."

Bai rufe baki ba na'urar buga takarda ta yi ƙara, ta turo izinin tela da ɗuminsa.

"Yallaɓai, kamar nawa ne wancan," in ji tela.

Oga ya ɗauki takardar, ya juya ta gaba da baya yana neman kuskure. Babu. Ya miƙa masa kamar mai miƙa haƙorinsa. Tela ya fita da sauri har ya manta da rusunawa.

Kafin azahar benci ya zama wayam. Oga ya zauna yana kallon ƙofa. A kwanakin da suka biyo baya mutane suka koma shigowa da "sannu da aiki" kawai, wasu ko zama ba sa yi. Ya gwada danna abu biyar a jere ko za ta suma, ta yi su duka. Ya zare wayar wuta da ƙafa ta ƙarƙashin tebur, da aka mayar da ita, kwamfutar ta dawo daidai inda ta tsaya. Rannan da ya koma gida da rana tsaka, matarsa ta tare shi a ƙofa tana tambaya ko korarsa aka yi.

Daga ƙarshe ya kira injiniya a waya.

"A dawo mini da tsohuwar manhajata."

"Mece ce matsalar sabuwar, yallaɓai?"

"Ba ta da natsuwa. Aikin hukuma ba a yi masa garaje."

Ta ce ba ta da maganin wannan, sai dai ya kai maganar gaban shugaba.

Bai kai ba, amma a taron ƙarshen wata shugaba ya tayar da ita da kansa. Ya yaba wa Oga, ya ce albarkacin nacinsa aikin da ake yi a mako yanzu safiya ɗaya ke cinye shi. Oga ya miƙe, ya ɗaga hannu yana karɓar tafi.

"Wannan ya buɗe mini ido," in ji shugaba. "Ku faɗa mini, wane tsohon abu ne kuma ya rage a ma'aikatar nan da ke ja mana baya, mu canza shi?"

Saboda ladabi kowa ya sunkuyar da kai, babu wanda ya dubi kowa. Oga ne kaɗai a tsaye, hannunsa a sama.