Kujeru Biyu da Sunana a Belleville

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, ko da na so, domin akwai wajen mutum hamsin a Faransa da suka ɗaukar wa kansu aikin tuna mini. Kuma duk a kan fim ne. Fim fa, ba gado ba, ba siyasa ba.

Lokacin ina aiki a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons, gefen Lyon, ina zaune a wani ɗan ɗaki a Villeurbanne. Ni mutum ne mai son a so shi. Wannan ce cutata tun ina yaro a Zinder. In na zauna da masu cewa shayi ya yi zaƙi, to ya yi zaƙi. In na koma wajen masu cewa ba a sa sukari ba, sai ka ga na fara laluben sukari. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙarya ba, ni a ganina zaman lafiya ne.

Akwai wani tsohon fim da muka taso da shi a gidan kallo na unguwarmu, na wani kyaftin ɗin jirgin ruwa da ƴan fashin teku suka tare. Mun kalle shi har kaset ya gaji. A ƙarshensa kyaftin yakan sauke mutanensa cikin kwale-kwale, shi kuma ya nutse da jirginsa yana tsaye ƙyam. (Mu da ba mu taɓa ganin teku ba, mun sha kuka kamar a unguwarmu ruwan yake.) Shekaru suka wuce, sai aka sake yin fim ɗin, amma wannan karon kyaftin ɗin mace ce.

A gurup ɗinmu na waya, na mazan da muka yi karatu tare a Lyon, abin ya zama wuta. Wanda ya fi kowa zafi shi ne Issufu, abokina tun muna ɗalibai, wanda aiki ya mayar da shi Paris. Kullum sai ya tayar da maganar. Wata rana a lokacin hutun cin abinci ya ambaci sunana, ya ce ni kaɗai ne ban tofa ba. Sai na danna waya na saki murya ta minti huɗu. Na ce an sace mana kuruciyarmu. Na ce in suna son jaruma mace, su ƙirƙiro mata labarinta, su bar mana namu. Na ce kamfanonin nan ba mata suke so ba, kasuwa suke bi. Na rufe da cewa ko kyauta aka ba ni tikiti ba zan sake kallonsa ba. Ka lura da kalmar "sake". Ban je ko ƙofar silima ba, duk a sharhin mutane na intanet na kwaso. Aka yi ta turo mini hoton tafi, na wuni ina jin kaina a sama.

Sai kuma Balkisa. Ƴar Maradi ce, tana digirin dokta a Paris, kuma ita nake nema da aure. Ban gaya wa kowa a gurup ba, don ban so magana ta fita kafin manyanmu su shiga. A ranar nan ɗin ta kira ni, muryarta cike da murna, ta ce ta kalli fim ɗin.

"Ka san mi ya faru? Wata ƴar yarinya ce kusa da ni, da aka gama ta miƙe tana sara wa allo. Mu da muna yara, in ana wasan fim, kullum mu ne waɗanda za a ceto. Kai ka gan shi?"

Amsar gaskiya kalma ɗaya ce, kuma ba ta da nauyi. Amma na ji yadda take jiran in ce e, sai na ce e. Na ƙara da cewa ya taɓa ni ƙwarai. Da yamma na zauna na rubuta mata dogon saƙo (shi ma daga sharhin intanet, ɗaya ɓangaren kawai na buɗa). Na ce sau nawa aka canza jarumi namiji da wani namijin ba wanda ya ce uffan. Na ce namijin da jaruma mace ke tsorata shi, dama can ba fim ne damuwarsa ba. Ta amsa da cewa, "Alhamdu lillahi, ban yi zaɓen banza ba." Na karanta wannan layin ya fi sau goma.

Bayan mako biyu ta ce in zo Paris ranar Asabar in gaida Tanti Rabi. Hajiya Rabi ƙanwar mahaifinta ce, tana aiki a wata hukumar ƙasa da ƙasa, kuma ita ce uwarta a Faransa. In Hajiya ta ce na yi, mutanena za su je Maradi. In ta yi shiru, shi ke nan. Balkisa ta ce akwai wani ɗan taro na ƴan Nijar da Tanti za ta jagoranta a unguwar Belleville da ƙarfe uku, in same su can, daga nan mu wuce gida.

Ranar Alhamis Issufu ya kira. "Mon frère, ka zo Paris Asabar. Akwai débat, muhawara za a yi a Belleville da ƙarfe uku, kan fim ɗin nan. Mata za su ji jiki."

Nan take na gane taro ɗaya ne da na Balkisa. Kwana biyu nake da su. Da mutum mai hankali ne, da ya kira ɗayansu ya faɗi gaskiya, ko kuwa ya je ya kalli fim ɗin, tunda akwai silima a kan hanyar tram ɗin da nake hawa kullum. Ni kuwa dabarata ita ce in ɗaura mayafi a wuya, in ce maƙogwarona na ciwo, in zauna a baya in yi shiru. Awa biyun da na yi a jirgin ƙasa daga Lyon zuwa Paris, tari nake koya. Har wata tsohuwa da ke kusa da ni ta canza kujera.

Ɗakin taron yana bayan wani ƙaramin gidan abinci, ƙamshin soyayyar albasa na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Na shiga a makare da gangan. Mutane sun cika, ɗalibai da ma'aikata, har da wasu dattawa biyu na ofishin jakadanci. A gaba an jera tebur biyu suna fuskantar juna, kowanne da kujera uku, Hajiya a tsakiya da tabarau a kan hanci. A teburin Issufu mutum biyu ne zaune, kujera ɗaya ba kowa. A teburin Balkisa ma haka. Gaban kowace kujerar da ba kowa an naɗe farar takarda an tsayar. Na ƙura ido. Sunana ne a ta dama. Sunana ne a ta hagu.

Ashe kowane ɓangare shi ya zo da mutanensa, ba wanda ya nuna wa wani jerinsa. Kuma kowa ya so ya ba ni mamaki.

Na juya zan koma ta inda na fito, sai Issufu ya hango ni. "Ga shi nan! Ga bindigarmu ta iso!" A daidai lokacin Balkisa ta ɗago hannu tana murmushi, tana nuna mini kujerar kusa da ita. Sai ta ji abin da Issufu ya ce. Hannun ya tsaya a sama.

Hajiya ta dubi takardar dama, ta dubi ta hagu, sannan ta dube ni ta saman tabarau.

"Malam, kai ne mai wannan suna?"

"Ni ne, Hajiya. Ina wuni, Hajiya? An wuni lafiya?" Na durƙusa har ƙasa. Tarin da na koya gaba ɗaya ya gudu, muryata ta fito tas.

"Lafiya lau. Ku biyu ne, ko kai ɗaya ne?"

Aka ɗan yi dariya. Issufu ya ce ai kuskure ne, wannan nasu ne, yana da shaida. Kafin in buɗe baki ya kara wayarsa a makirufo. Ban taɓa sanin muryata tana da ƙarfi haka ba. Ta cika ɗakin tana cewa an sace mana kuruciya, tana cewa su bar mana namu. Minti huɗu cur, ba wanda ya katse. Ina tsaye tsakanin teburan biyu, mayafi a wuya, gumi na bin bayana. Ban dubi Balkisa ba, takalmana nake kallo.

Da muryar ta ƙare, sai na ji ƙarar takarda. Balkisa ce. Ashe ta buga saƙona a takarda, don da shi ta yi niyyar buɗe jawabinta. Ta miƙe ta karanta, a hankali, ba ta tsallake ko kalma ɗaya ba. Da ta zo wajen namijin da jaruma mace ke tsorata shi, sai Issufu ya juyo ya dube ni, bakinsa a buɗe.

"Rana ɗaya ce," in ji Balkisa. "Na duba kwanan watan a wayar Issufu. Nasu da rana, nawa da yamma."

Hajiya ta cire tabarau. "To, Malam. Wace kujera za ka zauna?"

Ko a nan ma akwai sauran hanyar fita da ɗan mutunci. Amma hali ba ya barin mutum don ya shiga uku. Na gyara murya na ce a gaskiya kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma mutum mai zurfin tunani yakan ga abu ta fuska biyu. (Mai zurfin tunani! Allah ya yafe mini.)

"Madalla," in ji Hajiya. "Ni ma na kalle shi jiya, don kar in yi alƙalancin abin da ban gani ba. Ƙarshensa fa, yaya ka gan shi?"

Na ce a raina, ai labari ɗaya ne, kyaftin kawai aka canza. Na ɗora hannu a ƙirji na ce, "Hajiya, lokacin da ta sauke mutanenta, ta tsaya ita kaɗai ta nutse da jirgin, wallahi sai da na share hawaye."

Sai wata ɗaliba daga baya ta ce, "Mais ba ta mutu ba fa! Ita ta kai jirgin har gaɓa!"

Ɗakin ya fashe. Maza da mata, masu so da masu ƙi, har dattawan jakadanci, ɗayansu yana bubbuga gwiwa. Wata biyu ana faɗa a kan fim ɗin nan, ranar ce kaɗai aka samu abin da kowa ya yarda da shi. Issufu ya kifa kai a tebur yana cewa, "Har rantsuwa ya yi!" Mutum biyu ne ba su yi dariya ba, Hajiya da Balkisa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Hajiya ta sa aka ɗauke kujerun biyu, ta ce a ba ni wuri a baya, aka yi muhawara biyu da biyu. Kuma an yi ta da kyau. Issufu ya ce shi ba mace ce damuwarsa ba, lalacin masu rubutu ne. Balkisa ta ce ita ma sabon labari ta fi so, amma ya gaya mata me ya sa lalacin bai taɓa dame shi ba sai yanzu. Suka yi ta kai da komo, suna ambaton wurare a fim ɗin ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina baya ban san ko ɗaya ba.

Da aka tashi na tsaya a bakin titi ina jira. Hajiya ta fito, na sake durƙusawa. Ta ce, "A sauka lafiya, Malam. A gaida mutanen Lyon." Ba ta ambaci zuwa gida ba. Hajiya ta yi gaba, Balkisa ta tsaya. Na fara ba da haƙuri, na ce ai fim ne kawai, kar fim ya raba mu.

"Ba fim ba ne," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. "Da ka ce mini ba ka son shi, da mun yi gardama har mu tsufa. Ina son gardama. Amma gobe in na ce zan karɓi aiki a wani gari, za ka ce mini to. Sannan ka je wajen mutanenka ka ce musu mi? Ban san wanda zan aura ba, na rana ko na yamma."

Ta sauka matakalar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Mutanena ba su je Maradi ba.

Lahadin da ta biyo na je silima ni kaɗai a Lyon, na kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe. Tsakiyarsa ta yi tsawo, ƴan fashin ba su da ban tsoro kamar na da, amma matar ta iya, kuma ƙarshen ya fi na tsohon ma'ana. Wannan ra'ayina ne, nawa na kaina, na farko da na taɓa yi ba tare da na dubi fuskar kowa ba. Na fito na ciro waya don in faɗa wa wani. A gurup, ko yanayin gari na ambata sai a tambaye ni ko na leƙa waje tukuna. Balkisa kuwa ta daina amsawa.

Abin da na koya bai da yawa. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ban sani ba, kunyarsa ta minti ɗaya ce. Ni na ƙi ta minti ɗaya, yau shekara uku ke nan ina da ra'ayi mai kyau a kan wannan fim, kuma babu mai son ji.