Jadawalin da Babu Sunan Alhaji

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tona wa kaina asiri a gaban baƙi, duk saboda ina son a ce na iya ciniki. Ina aiki a kamfanin sayar da taki da irin shinkafa kusa da Ƙofar Taramniya, muna da shaguna a Goronyo da Wurno da Illela. Ni ne ake kira mai kula da kwamfuta, ba don na karanta ba, sai don na taɓa gyara firinta da ta maƙale takarda.

Alhaji, mai kamfanin, ya gaji da bugun waya kullum yana tambayar buhu nawa ya rage a shago kaza. Aka ba shi shawarar ya sayi manhajar VPN, wato wata kullalliyar ƙofa ta intanet da ma'aikaci zai bi daga nesa ya shiga kwamfutar ofis, ba tare da wani bare ya leƙa ba. Ya ce in bincika farashi. Na bincika, na ji kaina ya sara. Da dala ake biya, kowace shekara, kuma kowane mutum da lasisinsa. Mu goma sha huɗu ne. Haba jama'a, manhaja ɗaya ce fa, ba ƙarewa take yi in an taɓa ta ba, don me za a ƙirga mu kai-kai kamar awaki a kara?

Sai na sayi lasisin mutum ɗaya. Na raba wa kowa suna ɗaya da lambar sirri ɗaya. Na je na gaya wa Alhaji na matsa wa Turawan nan har sun sauko (ban yi magana da kowa ba, maɓalli kawai na danna). Ya yi ta sa mini albarka a gaban ma'aikata, ni kuwa ina sunkuyar da kai irin na masu tawali'u.

Kwana biyu matsala ta fito. Ashe manhajar ba ta yarda mutum biyu su shiga da suna ɗaya. Da na biyu ya shigo, sai ta wurgo na farko waje. Mai hankali a nan zai je ya faɗi gaskiya. Ni sai na zauna na tsara jadawali da lokutan salla, tunda su ne agogon da ba wanda ke musu da shi. Illela daga safe zuwa hantsi, Wurno daga hantsi zuwa azahar, Malam Ɗahiru na Goronyo daga azahar zuwa la'asar, 'yan ofis su ƙarasa. Na roƙe su kada maganar ta kai kunnen Alhaji. Shi dama ba ya taɓa kwamfuta, ni nake buga masa takarda in kai. Wata biyar muna haka, ina jin kaina wani gwani.

Sai ga wata ƙungiya mai raba wa manoma taki tana neman dillali. Kwangila ce da Alhaji ya shekara yana bi. Sharaɗinsu ɗaya: su ga da idonsu ana iya duba kayan kowane shago ta hanyar da ke da tsaro. Suka aiko mutum uku, shugabarsu wata Hajiya mai tabarau da ba ta dariya. Aka sauke su a falon gidan Alhaji a Ƙofar Dundaye, aka ci abinci, aka yi azahar, na haɗa kwamfuta da babbar talabijin. Wallahi ko kaɗan ban tuna lokacin wa muke ciki ba.

Alhaji ya gyara babbar riga, ya danna inda na nuna masa. Shagon Wurno ya fito tsaf. Bai gama nuna buhunan ba, allo ya ɗauke. Na sake shigar da shi. Minti ɗaya, ya sake ɗaukewa. Na ce sabis ne (a garin nan sabis ke ɗaukar laifin kowa). Karo na uku sai wayata ta yi ƙara, kuma da yake ita ke ba kwamfutar intanet tana kan tebur, sunan Malam Ɗahiru ɓaro-ɓaro.

Alhaji ya ce, "Madalla, ga ma manajanmu na Goronyo. Sa shi a lasifika baƙi su ji."

Na sa. Me zan ce?

Malam Ɗahiru ko sallama bai yi ba. "Wai wane marar kunya na wanga da ka fidda ni? Sau ukku ke nan. Azahar zuwa la'asar nawa na, haka munka yi da kai. Ka gaya mai in bai da aikin yi shi tai shi kwanta."

Alhaji ya matso da bakinsa kusa da wayar ya ce, "Ɗahiru, ni na."

Muka ji numfashi, sannan, "Ranka shi daɗe... ai ba ka cikin jadawali."

Hajiya ta cire tabarau ta dube ni. Cikin ladabi, wanda ya fi zagi ciwo, ta tambaya mutum nawa ke amfani da lasisin. Na ce ɗaya. Ta ci gaba da kallona. Na ce, ɗaya a lokaci guda. Ta ce duka fa? Na ce goma sha huɗu, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Ta rubuta wani abu, ta yaba dambun da aka ba su, suka tafi.

Kwangilar dai wani ɗan kasuwa a Birnin Kebbi ne ya same ta. Alhaji bai kore ni ba, kuma bai ɗaga murya ba. Ya sa aka sayi lasisi goma sha huɗu cif, ɗaya nasa, ni babu, ya mayar da ni wajen awon buhu. Abin da ke ƙona mini rai har yau, kuɗin shekarar bai kai ribar tirela ɗaya ta takin da muka rasa ba.

Na dai koyi cewa in an rubuta "kowane mutum", to kowane mutum ake nufi. In kuma rowa ta ci ƙarfinka har ka raba lokaci, ka fara ware wa mai kamfanin nasa.