Cindo da Dasashin Tabawa

A ƙauyen Tsamiya Uku an yi wani bawan Allah, Cindo, wanda yadda ka faɗa masa magana haka zai aikata ta, ba ragi ba ƙari. Gidan daga shi sai matarsa Tabawa da akuya ɗaya. Yini yake a gindin rumbu yana kallon gajimare, duk farin da ya tsage biyu sai ya ce ga wushiryar Tabawa can tana tafiya. Kwatsam dasashinta ya fara jini yana ja da baya, ta daina dariya sam. Asibiti kuwa ta rantse ba za ta taka ba, wai cire haƙora suke yi. Cindo ya shiga damuwa, don dariyar nan ita ce duniyarsa.

Wata rana ya tafi asibitin shi kaɗai ya yi bayani. Likita ya ce a riƙa kuskure baki da ruwan ɗumi da gishiri, safe da yamma. Mako guda gogan naka yana kuskure nasa bakin, in ya zubar sai ya leƙa na Tabawa ko an samu sauƙi. Ina!

Wata rana kuma da ya koma, likita ya ce kada goro da furen taba su ƙara shiga gidan. Cindo ya tare zaure yana laluben aljihun baƙi. Har surukinsa sai da ya ajiye goronsa a waje, akuya ta cinye, tsoho ya juya ko gaisawa ba a yi ba.

Wata rana likita ya gaji, ya ce cikin raha, "Malam Cindo, zauna nan, ba inda za ka sai na ga bakin nan da idona."

Cindo ya samu benci a inuwar darbejiya ya zauna. Azahar ta wuce, la'asar ta yi, yana can yana lissafin gajimare. Tabawa ta ji shiru, ta yafa gyale ta biyo sahu a tsorace. Da ta gan shi lafiya lau, sai faɗa, baki a wangale. Likita ya fito ya tsaya yana duba.

"Ci gaba, baiwar Allah, ɗan ƙara buɗewa."

Kafin ta ankara an wanke haƙoran, an kankare dattin da ya daskare, an ba ta buroshi mai laushi. Ko ɗaya ba a cire ba, amma likita ya ce da an ƙara jinkiri, da na gaban sun tafi.

Ta fito ta tarar da shi inda yake. Ta ce ya taso, likita ya gani.

"Koma ki tambayo shi, Tabawa, ko ya gama gani."

Ta fashe da dariya a tsakiyar asibiti, ta ma manta ta rufe baki.