Ranar da Motata Ta Mutu a Rediyo

Ni ne direban farko a tasharmu ta Ƙanƙara da ya sayi mota mai haɗuwa da waya, kuma ban bar kowa ya huta ba.

Wata rana na ɗebo fasinja zuwa Faskari, muna sauraron shirin gaishe-gaishe da duk direba ke kunnawa. Na kira gidan rediyon, aka yi sa'a layi ya shiga. Hannu biyu a sitiyari, na gaida surukina na Sabuwa, sannan na shaida wa duniya cewa motata ba ta san bakanike ba.

Ban rufe baki ba ta yi tari, ta mutu.

Na manta shaf ana ji na a rediyo. Na ce, "Jama'a, don Allah a sauko a tura! Hajiya, har da ke!"

Tsohuwar ta ce, "Ɗan nan, yau kam za ta san shi."

Daga ranar aka laƙaba wa motar suna. Fasinja dai sun ƙaru, kowa motar "A Tura" yake nema. Amma har yau in na je gaida surukina, sai ya rako ni bakin mota, ya naɗe hannun riga, ya ce, "Shiga, Malam, na shirya."