Rasuwar Ba-Sani-Ba-Sabo, Na'urar Rabon Taki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki ɗaci, ni Alhaji Hamma, mai riƙe da makullin siton taki na Kazaure, nake sanar da manoman Roni da Gwiwa da Babura rasuwar na'urarmu, wadda kuka fi sani da Ba-Sani-Ba-Sabo. Ta cika ranar Litinin da hantsi, mako biyu bayan ruwan shuka, tana da shekara uku a hannunmu.

Marigayiya ba kyakkyawa ba ce. 'Yar fuska gare ta mai koren rubutu, ga sa janareta shan mai. Amma tun da kamfani ya kawo ta daga Kano, sunan da ya riga shiga cikinta shi ke riga fita. Babbar riga ba ta taɓa burge ta ba. Ɗan dagaci ya nemi tsallake layi, ta ce masa ƙiit. Bafulatani ya zo daga Gwiwa a keke, ta yi tarrr, ta miƙo masa takardar buhu biyunsa.

Ni ban yi boko ba. Gyaɗa na auna shekara ashirin, na san mutane, shi ke nan. Umarni huɗu na haddace, na ɗiga wa maɓallansu jan fenti: na tambayar lafiyarta, na buɗe layi, na tsayar da shi in an kira salla, da na sallama, wanda sai ta gama da na gabanta sannan ta kwanta. Akwai na biyar, mai yanke ta nan take. Baturen da ya girka ta ya ce kada a taɓa shi sai gobara.

Ciwon ajalinta ya shigo ne tare da sabon manaja, Malam Muhammadu Lawal, mai takardu cike da jaka, mai shaƙe wuyansa da ƙyalle cikin zafin nan. Sunaye goma sha biyu ya zaro daga aljihu, surukai da abokan shan shayi, wai a sa su gaba. Ta ce ƙiit. Ya ture ni daga kujera ya buga mata umarnin gobara, tana tsakiyar rubuta sunan Inno, wata tsohuwa daga Roni. Ya tashe ta, ta ƙi, ya sake yanke ta. A karo na shida ta yi gurnani, fuskar ta yi baƙi. An rubuta wa Kano cewa zafi ne ya kashe ta. To, mun ji.

Ta bar injin buga takarda cikin maraici, da buhu dubu a sito, da manoma ɗari huɗu waɗanda geronsu ya tsiro yana jiran taki. Ta kuma bar manaja, wanda juyayi ya sa tun jiya yake ta yin fito, yana cewa a koma rabon hannu. Mun san hannun.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis, ƙarfe goma, a ƙofar sito. Kowa ya zo da jakinsa ko kekensa. Kafin a ɗauki gawa, Kawu Daudu mai shela zai karanta wasiyyarta, wato doguwar takardar sunayen da na sa ta buga da safen ranar da ta rasu, ga ta nan naɗe a aljihuna. Duk wanda aka kira ya ɗauki buhunsa. Ba a rabon gado sai an zartar da wasiyya.

An tanadar wa manaja tabarma, don karatun zai yi tsawo.