Kaskon Umma a Ajin Turanci

Ko haƙorana sun zube don tsufa, ba zan taɓa mantawa da kalmar glimmer ba. Malamar Turancinmu ce ta raba mana kalmomin da suka shafi haske, ni glimmer ta faɗo min, ta ce kowa ya binciko ma'ana da asali, ya kuma nuna a aikace. Wadda ta fi burgewa ita za ta tsaya gaban dukan makaranta ranar taro. Ni kuwa tun da aka kawo ni Dubai nake neman hanyar da za a san da zamana.

Ma'anar ba wuya: haske mai rauni, yana lumshewa yana dawowa. Tsohuwar kalma ce, tana da 'yan uwa a Jamusanci da ake faɗa wa wutar da ke ci ba harshe. Wato garwashi. 'Yan aji suka zo da tocila, ni na ɗauko kaskon Umma daga gidanmu na International City. (Aro ne, mai shi ce dai ba ta sani ba.)

Lokacin tara na hura gawayi a bayan aji, na lallaɓo da shi ƙarƙashin tebur. Da aka zo kaina na roƙi Malama ta kashe fitila, sannan na fito da kasko. Garwashi ya yi jajir, yana numfashi a hankali. 'Yan aji suka zuba ido, har Malama ta manta da faɗa. Ƙawata Ramatu, 'yar Kumasi, ta raɗa min da guntun Larabcinta, "Khalas, habibti," wato shi ke nan, ƙawata, "kin cinye."

A nan mai hankali zai tsaya. Amma 'yar Kano ta bar garwashi tsirara a kasko? Hannuna da kansa ya shiga jaka, ya ɗebo turaren wuta ya barbaɗa. Ba kaɗan ba, irin na ɗakin amarya.

Hayaƙi ya miƙe sak zuwa na'urar gobara da ke silin. Ƙararrawa ta ɗauka. Makaranta kaf ta fito fili cikin ranar da za ta iya soya ƙwai, ni a tsakiya riƙe da kasko, don na fi tsoron Umma a kan gobara.

Shugaban makaranta ya kira ni gaba da lasifika, ya nuna hannuna. "Wannan ce gobarar?"

Na ce, "Glimmer ce, sir."

Aka kira Abba daga sitonsa na Al Warsan. Ya shinshina hijabina, ya ce, "Na Maiduguri kika ɗebo? To ni ba ruwana, ke da uwarki."

Na dai tsaya gaban dukan makaranta, kuma an san da zamana. Abin da na koya: Baturen da ya ce haske kaɗan bai ce a ƙara turare ba.