Yadda Za Ka Ci Pweza Bayan An Rufe Teku Ba Tare da An Kama Ka Ba

Idan kana cikin mazan da yawunsu ke tsinkewa da zarar an ambaci pweza, mai hannu takwas ɗin nan da ke ɓuya a ramukan murjani, kuma garinku ya rufe teku wata uku don ya samu ya yi girma, to ka gyara zama. Na ba ka tabbaci, in ka bi matakan nan yadda suke, za ka ci pweza kuma babu mahalukin da zai kira sunanka. Kombo, maƙwabcina a nan tsibirin Shangoni, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma har gobe shi ne mai gadin teku.

Mataki na 1: Ka auri macen da gari ya yarda da ita

Idan ka riga ka auri wata iri, ka yi haƙuri, darasin ba naka ba ne. Kombo dai ya dace. Matarsa Miza ce ta miƙe a taron gari ta ce pweza sun ƙanƙance saboda ba a barin su su huta, ta yi ta bin mata gida-gida har suka yarda su jingine sandunansu na kamun pweza. Ba ƙaramin abu ta roƙa ba, don abin da mace ta zaƙulo idan ruwa ya janye shi ne cefanenta, shi ne zanen sallarta. Ita ce kuma ta kawo dokar: duk gidan da ya taɓa teku kafin lokaci, babu ɗan gidan da zai sa ƙafa a ruwa ranar buɗewa, ranar da ake kwasar abin da aka yi ta jira.

Bi Tatu, tsohuwar da magana ba ta wuce ta, ta ce, "To in gidanki ne fa, Maman Zuwena?"

"Ku fara da ni," in ji Miza.

Kombo ya fi kowa tafi. Kai ma ka tafa. Mijin irin wannan mace, ko an gan shi da pweza a kafaɗa, cewa za a yi hanyar gida yake nuna masa.

Mataki na 2: Ka zama mai gadi

Kada ka nuna zumuɗi. Ka bari a nemi wanda ba shi da jirgi, ba shi da gonar kanumfari, kuma zama ba ya gundurarsa. Idanu za su sauka a kanka da kansu. Haka aka ba Kombo usur da hula da rumfa a bakin teku.

Daga nan sai wa'azi. Duk abin da ka ji matarka ta faɗa a gida, ka fito da shi waje da babbar murya kamar kai ka gano shi. Kombo ya riƙa tare masu wucewa yana cewa murjani rai gare shi, ba dutse ba ne, kuma abin da ka fasa yau jikanka ma ba zai ga ya dawo ba. Har wani dattijo da ya zo wanke ƙafa sai da ya sha usur. Masana sun tabbatar cewa mutum ba ya iya wa'azi da sata a lokaci guda, shi ya sa ake raba musu lokaci.

Mataki na 3: Ka zaɓi rana, ka zaɓi rami

Ka jira lokacin tsinkar kanumfari, sa'ad da rabin gari ya haye babban tsibiri ƙwadago, ka haɗa shi da ranar da ruwa ke janyewa can nesa da tsakar rana. A irin ranar Kombo ya rataye hularsa a rumfa don ta ci gaba da gadi, ya naɗe zane ya shiga.

A nan akwai 'yar matsala. Kamun pweza aikin mata ne, kuma kowace mace da ramukanta, ba ta nuna wa kowa. Ba sa fasa rami. Siririn sanda suke zurawa su yi ta yi masa cakulkuli har haushi ya kama shi ya nannaɗe sandar ya fito, ramin kuma ya zauna lafiya har wani pwezan ya tare a ciki. Kombo rami ɗaya tak ya sani a duk faɗin tekun nan, wanda Miza ta gada daga mahaifiyarta. Ta nuna masa shi ne suna ango da amarya, lokacin da take ganin babu abin da za ta ɓoye masa. Yana can ƙurya, ƙarƙashin wani murjani mai rassa, inda ƙananan kifaye shuɗɗa ke kai da kawo.

Ya zura sanda. Ya yi cakulkuli, ya yi lallashi, har "haba malam" sai da ya ce. Pwezan ya feso masa baƙin ruwa ya ƙara lafewa. Kombo ya ɗaga kai ya ga ruwa ya fara dawowa, sai ya jawo rodin da ya taho da shi don ko-ta-kwana. Da murjanin ya dare, wani abu ya soke shi a ƙirji, don ya tuna yadda Miza ke dafa wurin da tafin hannu ta ce, "Mama, na zo." Idan kai ma ka ji irin wannan sukar, kada ka kula ta. Yunwa ce.

Mataki na 4: Ka rufe hannunka

Pweza ba ya fitowa bai bar shaida ba. Zai manne maka daga wuyan hannu zuwa kafaɗa, ya jera maka jajayen tabo. Ka sa doguwar riga komai zafi. Idan hannun rigar ya zame, ka ce ƙaho aka yi maka.

Haka Kombo ya faɗa wa Bi Tatu a bakin rijiya. Ta kama hannun ta juya shi ta ce, "Ikon Allah. Wannan mai ƙahon akwai tsari, layi biyu-biyu, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Ka gaishe shi, Baban Zuwena."

Mataki na 5: Duka

Nan ne ake gane gwani. Pweza ba ya ciyuwa sai an jibge shi a kan yashi har ya yi laushi, kuma babu jaririn da ke tsibirin nan da bai san wannan ƙarar ba. A lokacin rufe teku, ƙarar dukan pweza ta fi kiran suna a lasifika.

Dabarar ita ce ka ɓuya a bayan ƙarar wani. Kombo ya laɓe a cikin itatuwan bakin ruwa, kusa da inda mai ƙera jirgi ke buga ƙusa. In guduma ta sauka, shi ma ya sauke. Abu ya tafi daidai har ya fara jin daɗin kiɗan. Sai mai jirgi ya tsaya shan ruwa, Kombo kuwa hannu ya riga ya tafi. Ƙara ɗaya ta fita ita kaɗai, jiƙaƙƙiya, ta ratsa gari.

Bi Tatu na tsintar shinkafa a ƙofar gidanta. Ba ta ko ɗaga kai ba ta ce wa maƙwabciyarta, "Katakon jirgin nan ɗanye ne."

Mataki na 6: Ka dafa da kanka

Ba za ka kai shi gida ba, kuma ba ka taɓa kankare kwakwa ba a rayuwarka. Ka yi da abin da ya samu. Kombo ya tafasa nasa a gwangwani bayan rumfa, da ruwan teku, yana waige-waige. Ya tauna har muƙamuƙinsa ya yi tsami, ya haɗiye abin da ya haɗiyu, ya binne sauran. An dai ci, kuma abin da na yi maka alkawari ke nan.

Mataki na 7: Ka ƙirƙiro ɓarawo

Kafin maganar Bi Tatu ta isa kunnen Sheha, mai garinmu, ka riga ta isa. Kombo ya je da fuskar takaici ya ce ya hango kwalekwalen mutanen tsallake, ya busa usur, suka gudu. Sheha ya ce mata su je su duba ɓarnar idan ruwa ya sake janyewa, kuma Miza ce a gaba.

Ba su sha wahalar nema ba. Ɓarawon tsallake a gurguje yake, ramukan bakin hanya yake fasawa. Wannan kuwa ya tsallake su duka, ya miƙe zuwa rami ɗaya da ba ya ganuwa sai ga wanda aka taɓa nuna wa. Miza ta daɗe a tsaye a kan ɓaraguzan, ruwa na wasa da bakin zanenta. Matan suka ja baya suka ba ta wuri.

Da yamma ta ajiye wa Kombo shinkafa da miyar rogo, ta zauna nesa kaɗan.

"Baban Zuwena, ya yi daɗi?"

"Me fa?"

"Na ce ya yi daɗi?"

Ya dubi kwano. "Bai dahu ba."

"Ramin Mama ka rushe," in ji ta, "kuma ko dahuwa bai yi ba."

Wannan ne kuskure ɗaya da Kombo ya yi, kuma ina roƙonka kada ka maimaita shi. In an tambaye ka ko ya yi daɗi, ka ci gaba da cewa "me fa?"

Mataki na 8: Ka riƙe bakinka a taro

Ƙarya tana da nata ƙafafun. Kafin a ankara matasa sun fara shirya jirage za su haye tsallake neman ba'asi, da sanduna. Sheha ya tara gari. Ana cikin hayaniya Miza ta miƙe.

"Ku sauke jiragenku. Ba mutanen tsallake ba ne. Gidana ne."

"Wa a gidanki?" in ji Sheha.

"Doka gida ta ce, ba ta ce suna ba. Ni na kawo ta, na san abin da ke cikinta."

A daidai nan za ka ji harshenka yana motsi, ƙafarka na son miƙewa. Ka danne su. Kombo ya ji kunyar da bai taɓa jin irinta ba, ya san kalma biyu kacal ake bukata daga bakinsa, amma ya duƙufa duba usur ɗinsa kamar yau aka ba shi. Gari kuwa kowa ya sami abin kallo a sama.

Tun da ba a kira suna ba, babu dalilin tsige kowa. Sheha, wanda ya fi mu duka iya mugunta cikin ruwan sanyi, ya ce mai gadi ya ci gaba da aikinsa, kuma shi zai tsaya a bakin igiyar da aka tare hanyar teku da ita ranar buɗewa ya mai da duk gidan da doka ta hana.

Mataki na 9: Ka yi aikinka

Ranar buɗewa tsibirin kaf ya sauko bakin teku tun da hantsi, jiragen masu saye sun jeru da ƙanƙararsu. Kombo ya yi ta addu'a Miza ta zauna a gida. Sai ga ta da sandarta da bokitinta, cikin zanenta mafi kyau, ta ratsa mata ta zo sahun gaba ta tsaya a gabansa.

"Mai gadi, in wuce?"

Ya rage murya. "Maman Zuwena, don Allah ki koma gida."

"Ban ji ba, iska ta yi yawa. Ka faɗa yadda aka ce ka faɗa."

Kombo ya ce, yadda na baya ma za su ji, "Gidan Kombo ba ya shiga."

"To," in ji ta. Ta kife bokitin a gefensa ta zauna a kai.

Ya busa usur, mata suka kwasa da gudu. Miza ta zauna tana kallon abin da ta yi wa gari, pweza manya-manya irin waɗanda rabon da a gan su tun tana yarinya, suna wucewa a hannun wasu. Duk wadda ta fito da kaya sai ta rage tafiya a gabansu, ta dubi Kombo ta ce, "Sannu da aiki, mai gadi." Ya amsa wa kowace ɗaya, don ita ma Miza tana sauraro.

Ba ruwana

Mai wannan rubutu bai aiki kowa teku ba, kuma bai ɗauki alhakin ciwon muƙamuƙi, ko tabon hannu, ko gaisuwar mata ba. Idan bayan haka matarka ta ci gaba da kawo maka abinci a kan lokaci, tana yi maka sannu da zuwa da ladabin da ake yi wa baƙo, kada ka zo ƙofata. Kombo ma ya zo, na ce masa ni a kan pweza na yi alkawari. Na ji an ce Miza ta sami sabon rami, kuma ta ce ko da mutuwa za ta yi, 'yarta kaɗai za ta nuna wa.